Ƙafafun Gaba

Ranar Talata ya turo shi gareji,
babur mai ƙafa huɗu, ja ne a da,
yanzu hanyar Sandamu ta ba shi launinta.
Malam Zubairu, malamin dabbobi,
hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya a kan kariya,
ya ce, "Tanimu, kwalba shida na fasa jiya,
allurar shanun mutane ta tsiyaye cikin kula.
Bayana kuwa, bar shi, ba ƙararsa na kawo ba."

Na danna gaban da gwiwa.
Ya durƙusa, bai tashi ba,
kamar tsohon raƙumin da ya hango kaya.
Mai ya bi jikin shokozoba ya yi kanta,
bushin ya cinye, boljoyin na kaɗa kai
irin na mai gyangyaɗi bayan ya sha fura.

Na kamfani? Mun tambaya har Legas.
Da suka faɗi kuɗin, sai da Malam ya nemi benci.
Na ce akwai na waje, ba uwa ɗaya uba ɗaya ba,
amma ɗan riƙo ma yana riƙe gida.
Na buga wa Sabi'u a Ƙofar Ruwa,
ya sako su motar Daura cikin kwalin taliya:
shokozoba biyu masu jan sifirin,
gwafar sama da ta ƙasa, sun ɗara na da da yatsa biyu,
da takarda mai rubutun da ya gagari ɗan boko.
Hotunan muka karanta.

Muka ɗora shi kan jak da kututturen darbejiya.
Noti guda ya ƙi.
Na ba shi mai, na ba shi haƙuri,
sai da na ba shi wuta ya saki.
Ɗan'azumi, yaron shago, na ƙirga wosha a murfin gwangwani,
sha ɗaya, sha ɗaya, yana zufa.
Ta sha biyun tana aljihuna. Na bar shi ya nema,
haka aka koya mani.

Ramin kusa bai hau ba, kaɗan, kaurin farce.
Mai gaggawa guduma zai ɗauka.
Ni na jawo magagari na zauna,
har aka kira magariba ina lallashin ƙarfe.
Da safe na ja zare daga tayar baya zuwa ta gaba
don kada ƙafafun su fito gwame,
na juya tayarod rabi, na mayar da kwata.

Sai gwaji. Kwanon sha cike da ruwa a kan kariya,
na bi ta bayan tasha, inda ruwan bara ya yi kwari.
Na dawo da jiƙaƙƙen wando,
Ɗan'azumi ya ba ni baya, kafaɗunsa na rawa.
Sifirin ya yi tauri. Sabon abu haka yake,
bai san nauyin da aka kira shi ɗauka ba.
Na sassauta zoben mataki biyu, na sake bi.
Cokali ɗaya ya zuba, ko biyu.

Malam ya biya rabi, saura sai albashi.
Na bi shi da ido, ya bar kwalta ya faɗa yashi,
gaban na sama da ƙasa kamar ƙirjin mai barci.
Na sunkuya ɗaukar sifana, gwiwata ta ce ƙas.
Shekara talatin ƙarƙashin ƙarfen mutane.
Wannan kam Sabi'u ba shi da ita a shago.

Ran Lahadi, ana watsewa daga kasuwar Mai'aduwa,
na ji kukansa kafin in gan shi.
A kan kariya, ɗaure da tsumma,
ƙwarya ce rufe da faifai.
"Matar Arɗo Jaɓɓo ta ce a kai wa mai gyara."
Na ɗaga faifan. Kindirmo, cike har baki,
kwance lumui, ko tsaga babu a fuskarsa,
bayan mil goma sha huɗu na kwari da kunya.

Ɗan'azumi ya ruga sayo fura.
Ni na leƙa ƙarƙashi tukuna,
na bi kowane noti da yatsa,
na sami guda ya ɗan saki jiki,
na ƙara mashi rabin juyi.